Ɗana Ya Ci Gwajin Likita

Yaya, albishirinki! Ɗanki ya ci gwajin likitan ƙwaƙwalwa!

Malamarsu ce fa ta matsa a kai shi, wai yana cewa wani mutum na masa magana a kunne. Ni kuwa na zaunar da shi, muka yi ta bita kamar jarrabawa. Kana jin murya? A'a. Kana barci? Sosai. Wallahi ko ɗaya bai faɗi ba! Likita ta ce lafiyarsa ƙalau.

A hanya yake ce min, "Mama, mutumin ya ce ya gode miki. Wai yanzu ba mai hana shi koya min tashi sama."

Yara da shirme! Bari in kira shi ku gaisa, tun ɗazu ya hau saman bene.