Ƙarƙashin Harshe

Tana ɗaga katifar Baba don ta shanya, sai ƙwayoyi suka zubo kamar tsakuwa.

Shekara goma sha biyu tana aikin nas a sashen masu taɓin hankali, ba majinyacin da ya taɓa yi mata wayo. "Buɗe baki. Ɗaga harshe."

A gida kuwa durƙusawa take ta miƙa maganin, kanta a sunkuye.

"Na haɗiye, uwata," yakan ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ina ita ina leƙa bakin mahaifinta?

Yau kwanansa tara da fita ba takalmi, yana amsa kiran da shi kaɗai yake ji.

Ta ƙirga ƙwayoyin, ɗari da tamanin. Kowace ɗaya sai da ya sa mata albarka.