Ranar da Aka Sauke Sunan Mahjub

Mai walda ya fara da harafin ƙarshe. Yana bisa tsani a ƙofar jami'ar da ke kan hanyar Bwari, wuta na tartsatsi, sai ga B ya faɗo cikin ciyawa. Ɗalibai suka yi cirko-cirko suna ɗauka da wayoyinsu. Kafin azahar za a nemi JAMI'AR MAHJUB a bangon nan a rasa.

Mai sunan yana zaune a kujerar roba a gindin darbejiya, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Farfesa Mahjub ke nan, mutumin Sudan da ya shigo ƙasar nan yana saurayi, ya koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua. Can ya iya Hausa, har ya fi wasu 'yan gari. Da aka fara sare daji ana gina Abuja, ya tattara ya taho shi kaɗai, ko waiwaye bai yi ba. Ajin yamma ya fara buɗe wa ƙananan ma'aikata a wani gareji. Garejin ya zama kwaleji, kwalejin ta zama jami'a.

Duk ranar yaye ɗalibai yana da magana guda, har yara sun haddace ta suna kwaikwayonsa: "Ni ba ni da ɗa, ba ni da jika. Ku ne 'ya'yana." Sai zaure ya ɗauki tafi, wasu iyaye har da share ƙwalla.

Da tsufa ya kama shi, ya miƙa ragama ga hukumar amintattu. Bai riƙe kujera ba, gidan da yake ciki ma na jami'a ne. Abu ɗaya ya roƙa: a bar masa sunansa a ƙofa.

Sai Dakta Hadijatu Lawal ta zama shugabar hukumar. Darakta ce a wata ma'aikatar tarayya, ta ajiye muƙaminta ta nemi wannan kujera da kanta, mutane suka ce son ilimi ne. Doguwar mace ce marar yawan magana, ga kai ga lissafi. Ranar da ta fara halartar bikin yaye, tsoho ya yi maganarsa ta kullum, kowa ya tafa. Ita hannuwanta na kan cinya.

Tun daga nan ta sa shi gaba. A zaman hukuma ta ce bai dace jami'ar da ke babban birnin ƙasa ta ɗauki sunan baƙo ba. Baƙo fa! Mutumin da ya riga yawancinsu sanin Abuja tun tana jar ƙasa. Abin takaici, waɗanda ya koya wa riƙe alli su suka fi kowa gyaɗa kai. A cikin 'yan hukumar, Barista Zacharias ne kaɗai ya ɗaga murya don kare shi, shi ma da ya waiga ya ga ba kowa a bayansa, sai ya koma latsa waya.

Abin da ya fi ci wa malamai rai, ko sau ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba. "Dattijon nan," take cewa. In jami'ar za ta ambata, sai ta ce "makarantar nan." Suka ce raini ya kai raini. In kuma suka yi kaciɓis a baranda, sai ta gyara mayafi, ta raɓe ta ba shi hanya, idonta a ƙasa. Wannan kuma suka ce munafunci ne irin na manyan Abuja.

Tsoho ya tura limamin jami'a ya ba ta baki. Ya tura tsofaffin ɗalibansa masu faɗa a ji. Ta karɓe su da shayi, ta raka su har mota, ba abin da ya canja.

Yanzu a cikin MAHJUB saura M kaɗai a bango. Farfesa ya dogara sanda ya miƙe, ya ja ƙafa har gindin tsani.

"Bawan Allah, bar mini wannan ɗayan."

Israel mai walda, wanda aka ɗauko daga unguwar Apo, ya ture gilashin fuskarsa ya leƙo. "Oga, ka yi haƙuri. Madam ya ce a cire duka, kar a bar ko ɗaya."

Ana haka sai ga baƙar mota ta tsaya. Dakta Hadijatu ta fito, ɗalibai suka dare. Ta zo gaban tsoho ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, gwiwar leshinta cikin ƙura. Wani ɗalibi ya ja tsaki.

"'Yata," in ji Farfesa, "me na tare miki? Ban san ki ba, ban taɓa ɓata miki ba. Wannan sunan shi kaɗai na mallaka a duniya. In na mutu, da me za a tuna ni?"

A karo na farko ta ɗaga ido ta dube shi sosai. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"'Yata," ta maimaita. "Ai kowa 'yarka ce a makarantar nan."

Wuta ta sake tartsatsi a sama. M ya faɗo kusa da ƙafarsa, bai ko duba ba.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwarta, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Ranar da aka kai ni makaranta a Funtua, sunan kawuna Lawal aka laƙaba mini, don kai ka tafi gina wa 'ya'yan wasu aji. Sunan da ni ban samu na ɗauka ba, Baba, wallahi bango ba zai ɗauke shi ba."