Yatsan Ba-Ragi

Ta rasa miji, ta rasa gidan bene, ta rasa 'ya'yanta biyu alhali suna raye. Abin da ta samu shi ne rumfar yadi a bakin kasuwa, da kujera mai girgiɗi, da sunan da masu saye suka laƙaba mata: Ba-Ragi, don ba a taɓa jin ta sauke farashi ba.

Yayan mijinta ne ya kwashe yaran, tun hawaye bai bushe ba. Ya ce macen da ko sunanta sai dai ta dangwala ba za ta iya riƙon 'yan makaranta ba. A gaban dangi ya faɗa, har ya lashi babban yatsansa ya manna a iska yana kwaikwayonta. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Tun daga ranar sai da izini take ganin su, a falonsa, a tsaye.

Can saman rumfarta akwai wani leshi ruwan zuma, wanda ta rataye don kasuwa ta san tana da shi. Wata mata mai gilashi ta daɗe tana zuwa tana shafa shi. Ta taya, ta ƙara, ta roƙa. Ba-Ragi takan ba ta kujera, ta ja ta da hira har inuwa ta juya, sannan ta ce albarka.

Da dogon hutu ya ƙarato, Yaya ya yanke cewa bana zuri'a gaba ɗaya za ta yi shi a ƙasar waje: tsohuwarsu, ƙanne, matan ƙanne, jikoki. Ba a gayyaci Ba-Ragi ba. 'Yarta ce ta tsegunta mata rigimar da ake yi. Matar Yaya na son ƙasar duwatsu mai sanyi. Samari na son birni mai manyan kantuna. Tsohuwa ta ce gwiwoyinta ba sa hawa bene, yara kuwa teku kawai suke kira.

Mai ofishin shirya tafiye-tafiye ce ta raba gardamar. Ta nuna musu hoton wani gida a bakin teku, ɗakin tsohuwa a ƙasa, ruwan gabansa bai wuce gwiwar yaro ba. Ta ce akwai rangwame ga wanda ya biya duka a take, sai dai ba a mayarwa. Yaya, wanda ke son a gan shi yana biya, ya biya a gaban kowa.

A makon ne leshin ya bar saman rumfar. Tela, maƙwabcinta, ya ga ƙusar babu komai, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sai da aka sayi akwatuna, yara suka gama yi wa abokansu alfahari, sannan magana ta fito: ƙasar nan ba ta karɓar yaro sai da yardar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a gaban shaida. Yaya ya saba sa hannu a matsayin uba a makaranta da asibiti, har ya manta marayun suna da uwa. Ya ce to a bar su. Tsohuwa ta zauna a kan akwatinta ta ce in 'ya'yan marigayi ba za su je ba, ita ma ƙafarta ba za ta taka jirgi ba.

Da rana tsaka motarsa ta tsaya a gaban rumfar. Ba-Ragi ba ta ba shi kujera ba.

"Maman yara, ɗan dangwale ne kawai. Minti biyu."

"Wane yatsan, Yaya? Wanda ka lasa?"

Ya yi tayin kuɗi. Ta ce albarka. Ya dawo da tayin babban shago mai ƙofar ƙarfe. Albarka. Ya ce har da ita za a tafi, kujerar taga. Ta ci gaba da ninke yadi, ta ce teku ba ta binta bashin gaisuwa. Ya yi faɗa, ya turo ƙanne, ya turo matarsa da murmushin aro. Ranar tashi na ta matsowa, jikoki na kuka, kuɗin gidan kuma ya riga ya tafi.

Ranar da ya zo muryarsa a ƙasa, ta faɗi nata sharaɗin. Yaran su je su ga teku, ba za ta hana su ba. Amma gadajensu, littattafansu da kayan makarantarsu su kwana a ɗakinta kafin jirgi ya tashi, kuma daga filin jirgi gidanta za a sauke su. A gaban dangin nan da suka yi dariya zai faɗa, da bakinsa.

Ya faɗa. Babu wanda ya yi dariya.

A ofishin, ta danna yatsanta a tawada a hankali, ta manna, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Mai ofishin ta gyara gilashinta, ta busa takardar, ba ta ko kalle ta ba.

Da yamma, motar kaya na sauke gadaje biyu a ƙofarta, tela ya kasa haƙuri.

"Ba-Ragi, wai leshin nan, nawa ya tafi? Na san matar nan mai gilashi ta sha wuya."

Ta goge sauran tawadar a gefen zaninta.

"Ko sisi ban karɓa ba. Ai ita ce mai ofishin. Na ce ta ɗauka, ta zaɓar musu ƙasar da ba a shiga da yaro sai da yatsan uwarsa, kuma kada ta faɗa sai ya biya."