Ɓarawon Bandar Habi

"Ni na fara ganin sawun ɓarawon ga, kuma ni ka kama shi!" Haka Baba Yari yake cika baki a bakin dam ɗin Goronyo, tun da bandar kifin matarsa Habi ta fara raguwa a rumbu.

Yau ga shi cikin rumbun da rana tsaka, gumi na zuba, numfashi na sarƙewa. Ya leƙo ta bisa, babu tsani, kuma gwiwar tsufa ba ta dira. Karensa Duna na ƙasa yana kaɗa wutsiya.

"Jama'a, ku taho, na janye tsani, na rutsa ɓarawon!" Muryar Habi ce.

Maƙwabta suka mai da tsani, sai ga Baba Yari.

Habi ta ce, "Malam, mi kaka yi ciki?"

"Kwanton ɓarawo mana!"

"Kullum kifi na ɓacewa, Duna bai taɓa haushi ba," in ji Habi. "Ƙiba dai yaka yi."

Kafin ta rufe baki, Duna ya cusa hanci a aljihun tsohon ya zaro tarwaɗa guda.

"Shaida ce na ɗauko! Mai musu ya shiga rumbun ga yanzu, mu gani in ya fito da rai kamar ni!"