Wasiƙar Barau a Shafi na Bakwai

Saura kwana ashirin a yi wa Badaru na garin Balan intabiyu a Kano, sai ya yi wa Hausa saki ɗaya.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ce, ana neman malamai ruwa a jallo, shi kuwa takardarsa ta gama aji bakwai ta shekara tara a ƙasan adaka. Wani da ya riga shi zuwa ya ba shi littafi mai tambayoyi goma sha biyu da amsoshinsu, ya ce da baki ake yi, kuma da Turanci. Mu da muka ɗan lashi bokon nan mun san cutar: abin da ke cikinmu bai cika cokali ba, amma hula ta daina shiga kanmu.

Tambaya ta bakwai ce ta fi ba shi wuya: yaya kake hira da abokanka, yaya kuke jin labarin juna? Amsar ita ce: "Ina da babban aboki. Ina ziyartarsa kowane mako. In ya rubuto mini, a ranar nake ba shi amsa."

Don ya haddace wannan ya daina zuwa hira gindin durumi. Ya koma gona yana karanta wa jakinsa, don jakin ne kaɗai ba ya dariya. Matarsa Lami ta kawo tuwo, ya amsa mata da Turanci.

Ta ce, "Malam, in zagina ka yi, na bar ka da Allah. In godiya ce, ba komai."

Babban abokin kuwa akwai shi da gaske: Barau na Toranke, garin kakannin Badaru. Rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, tabarma ɗaya suka yi jinya. Barau bai yi boko ba, noma ya riƙe. Shi yana ce wa Badaru "Bature", Badaru yana ce masa "Baƙauye".

Ran nan Tukur mai sayen fatu ya jingine kekensa a bakin gonar.

"Malam Badaru, saƙo daga mutuminka. A kwance na baro shi, ciki ya kumbura."

Dole Badaru ya yi wa Hausa kome na minti ɗaya. "Ɗanyar gyaɗa ya cika ci. Baƙauyen nan bai san ƙoshi ba."

"Ya dai ce ka karanta yau."

Badaru ya warware takardar, ya ga ajami. Nan ya tuna gargaɗin mai littafin: kada ka kuskura ka karanta rubutun da ake farowa daga dama, ido zai rikice, harshe ya karkace. Sai ya ninke ta, ya sa ta alamar shafi, a shafi na bakwai, daidai tambaya ta bakwai.

Bayan mako guda Tukur ya dawo. Badaru ya shige rumfar awaki, Lami ta ce ba ya nan.

"Amsa ake jira," in ji Tukur. "Jikin fa ya yi tsanani."

Da ta faɗa wa Badaru ya ce, "Bayan intabiyu. Da kaina zan je, har da tsaraba."

Ranar intabiyu mutum uku ne a bayan tebur. Allah da ikonsa, ta bakwai ɗin aka yi masa. Badaru ya miƙe wuya ya zubo ta tas, ko tuntuɓe babu. Babban cikinsu ya gyaɗa kai ya ce lallai abokin nan ya yi dace. Aka ɗauke shi aiki.

Washegari ya ɗaure goro da alewar yara a bayan keke, ya nufi Toranke. Tun daga nesa yake kaɗa ƙararrawa, ya tanadi gaisuwar Turanci da zai tsokani Barau da ita.

Sai ya ga tabarmi a ƙofar gida. Takalma jere. Dattawa zaune da carbi.

Keken ya faɗi, goro ya watse a ƙasa.

"Wa... wa ya rasu?"

Tukur ne ya ɗago kai. "Barau ne. Yau uku, Malam."

Aka shiga da shi wurin Baiwa, mahaifiyar Barau. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi.

"Badaru, ɗana, ka iso? Mun yi mun yi ya tafi asibitin birni, ya ce likitan ba ya jin Hausa, shi kuma bai taɓa wuce Wudil ba, sai da kai. Duk ƙarar keken da ya ji sai ya ce, Inna, ga Baturena nan. Ko takardar ba ta same ka ba ne?"

Littafin na aljihunsa. Ya buɗe shafi na bakwai, ya warware takardar. Layi uku ne, ko minti ɗaya bai ci ba:

"Bature, abin ya fi ƙarfin jiƙo. Zo ka kai ni asibiti ka yi musu Turancin nan naka. Yau ga ranarsa."

Badaru ya buɗe baki. Ba Turanci, ba Hausa.

Ya shekara ashirin da shida yana koyarwa, an ce bai taɓa yarda ya yi wa ɗalibi tambaya ta bakwai ba.

Jama'a, neman ilimi wajibi ne, amma zumunci a ƙafa yake, ba a hadda ba. Saƙon ɗan'uwa in ya zo, a buɗe shi a ranar. Jarrabawa in ta wuce ana sake ta, kabari ba ya karɓar amsa.