Dutsen da Ya Narke a Ƙwaryar Baba

Masu haƙar kuza na Jos sun sha faɗin cewa ɗan Adam ba ya yin dutse, sai dai ya haƙo shi. Mahaifina ma haka ya ɗauka, kuma ya riga ya yanke cewa ƙarshen mako zan bar makaranta in bi shi rami.

Wata la'asar na miƙa masa ɗan dutse shuɗi mai sheƙi, na ce da hannuna na yi shi. Malaminmu na kimiyya ya sa mun zuba wani baƙin gari cikin ruwan asid mai ɗumi har kaifin asid ɗin ya mutu, muka tace, muka ajiye ruwan, bayan kwanaki dutsen ya fito. Malam ya kira shi gishiri, amma ba na miya ba.

Baba ya karɓi dutsen. Ya jefa shi cikin ƙwaryar wankin kuza, ya zuba ruwa, ya shiga juyawa yadda yake gwada kowane dutse. Ina kallo dutsena ya narke, ruwan ya koma shuɗi. Idona ya cika da hawaye.

Ya daɗe yana duban ƙwaryar, sannan ya ce, "Ikon Allah! Shekara talatin ina wanki, dutse bai taɓa guje mini ba. Kai, gobe ka koma wurin malamin nan, ka tambayo mini inda ya shiga."

Albarkacin wannan aike na Baba na ci gaba da karatu, na yi aiki har na yi ritaya. Ina so jikokina su rubuta ranar: Laraba ce, farkon damina.