Sawun Da Ke Ɓacewa A Bakin Gulbi

Tsohon ya laɓe cikin ciyawa da gora a hannu, ya ƙura wa gonar albasarsa ido. Kwana da kwanaki yana tarar da siririn sawun taya a gefenta. Duk garin Gulma ba wanda ya ji ƙarar mashin, kuma sawun sai ya ɓace a bakin gulbi.

"Malam, wane irin ɓarawo na wanga, da bai ɗaukar komi?" matarsa ta tambaya jiya.

"Jira yake ta ƙosa," ya ce.

Gari na wayewa, kwalekwale ya tsaya. Wani mai rigar ofis ya sauko da ƙunshin ƙarfe, ya warware shi ya zama keke mai batir, ya sulalo shiru. Ya naɗe wando, ya duƙa cire ciyawa a fangalin ƙarshe, inda ciwon gwiwa ya hana tsohon kaiwa.

Mijin 'yarsa ta fari ne, ma'aikaci a Argungu, wanda saboda kunyar surukuta ko ido ba su taɓa haɗawa ba.

Tsohon ya ajiye gora a hankali, ya ƙara nutsewa cikin ciyawa, yana addu'ar kada tari ya tona masa asiri.